Zare Uku da Tarin Bappa Sanda

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan dawowar alhazan garinmu, a shekarar da na cika goma sha ɗaya, Baba ya dawo daga masallaci, bai ko tuɓe riga ba ya shiga ɗakin Kaka, ya durƙusa, ya jawo wani abu daga ƙarƙashin gadonta. Damina ce, an gama noman farko, tsakar gidanmu na Gwandu duk sawun kaji a cikin laka. Abin naɗe yake da tsohon zane har ninki uku, an ɗaure shi da igiyar rama kamar kayan da za a aza wa jaki. Da aka warware sai ga akwatin ƙarfe, fuskarsa fara sol kamar azurfa, gefensa katako, ga maɓallan murɗawa a jere, ga allurai biyu kwance a bayan gilashi. Amfilifaya ce, injin ƙara wa murya ƙarfi, ta Bappa Sanda, yayan Baba, wanda ya tafi Makka tun ina koyon tafiya bai dawo ba. Aka fito da manyan sifiku biyu daga bayan tukwane, kowace ta kusa kai ni tsawo. Baba ya haɗa wayoyi, ya jona ta da ƙaramar rediyonsa mai cin kaset, ya yi bisimilla ya danna. Fitila ta kawo. Sai gurnani, irin na bajimin da aka turke ya ga garke ya wuce. Kaji suka watse. Sannan wari ya biyo baya, kamar an ƙona kifi a cikin garken awaki, da siririn hayaƙi ta ramukan sama. Baba ya fizge waya. Kaka tana zaune a bakin ƙofarta, ta ba mu baya, tana kaɗi. Ba ta waiwayo ba. Amma ni na ga mazarinta ya tsaya.

Dalilin duk wannan kaset ne guda ɗaya da wani alhajin unguwarmu ya kawo. A wancan lokaci haka ake yin wasiƙa in mutum ya yi nisa: ya zauna gaban rediyo ya yi ta magana, ya ba mai komawa gida. Tun ranar Laraba da la'asar aka sa shi a ƙaramar rediyon, gida ya taru, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Bappa ya gaida Baba, ya gaida Inna, ya gaida liman da mai unguwa da wanzamin da ya yi masa kaciya, ya tambayi rijiyar bayan gida ko har yanzu tana ƙafewa, ya tambayi jakin da ya daɗe da mutuwa. Kowa ya ji, har da mai tallan ƙosai da ta tsaya a zaure. Mutum ɗaya ne bai ji ba, ita ce wadda ta haife shi. Kunnen Kaka ya riga ya yi nauyi, sai an matso an ɗaga murya, kuma babbar murya ta fi shiga mata. Abin da ke fitowa daga 'yar rediyon nan a wurinta kukan sauro ne. To, sai ka ce a kara mata rediyon a kunne mana. Inna ma haka ta ce. Amma Bappa Sanda ɗan fari ne, Kaka kuwa tsohuwar Bafillatana ce ta gaske. Tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya kama dole sai ta ce "mutumen can". Ko yaron maƙwabta mai sunansa ba ta kira, sai dai ta ce "kai, mai kunnuwa". Da Inna ta nufo ta da rediyo sai ta ɗaga hannu ba tare da ta dube ta ba, ta ce, "Ku kai ma masu ɗiya. Ni auduga ta ishe ni." Baba ya gane. Ba za ta taɓa yarda a gan ta tana sauraro ba. Sai dai murya ta cika gidan gaba ɗaya, ta same ta inda take zaune da baya a juye, ta shiga kunnenta ba tare da an ce ta nema ba. Wannan aiki kuwa amfilifaya kaɗai ke iya yin sa.

Ni a ɗakin Kaka na tashi, don haka na san ƙunshin nan tun kafin in san abin da ke ciki. Bappa ya sayo ta a Ikko lokacin da yake aikin dako a bakin ruwa, ya bar ta ya ce a ajiye masa har ya dawo. Baba ya ce amana ce, ba mai taɓawa. Shekara tara ba a kunna ta ba. Kaka takan ce abin ya tare mata wuri, gara ma a kai shi ɗakin kaji, amma duk damina ita ce ke sa ni in samo tubala in ɗora shi a kai don kada danshi ya kama shi, kuma ita ce ke yayyafa toka a kewaye saboda gara. In na tambaye ta, sai ta ce faifanta take karewa. Tsakanina da ita wasa ne, kamar kowane jika da kakarsa. Ta kira ni maigida, in kira ta amarya, ta ce mijin da ba ya kawo cefane, in ce matar da ba haƙori. Ta bakin wannan wasa ne kaɗai take iya faɗin abin da ba ta faɗa wa kowa.

Ba yaron kirki ba ne ni a lokacin, ba zan ɓoye ba. Ba na iya zama wuri ɗaya. An sa ni firamare na yi shekara biyu, na fi sanin tagar ajin a kan allon bango, daga baya aka gaji aka ƙyale ni. Makarantar allo ce ta kama ni, ita ma don Malam ya fi ni gudu ne. Da safe in ɗebo ruwa tulu huɗu, in kora awaki ta hanyar Dodoru, in bar su su shiga gyaɗar mutane ni ina can ina harbin kurciya da danƙo. Da rani a tura ni fadama ban ruwan albasa, in buɗe kwari ɗaya in manta, ruwa ya cinye kunya uku. Langa kuwa har sai gwiwa ta kumbura. Abu ɗaya ne ke zaunar da ni, shi ne ƙira da kara. Nakan yi motar kara mai ƙofa, na yi rediyon kara har da eriya ta tsinken tsintsiya, in rataya a wuya ina karanta labarai da hanci a toshe. Shi ya sa da Baba ya ce za a kai amfilifaya Kalgo wurin abokinsa Mani Mai-Rediyo, kuma yana bukatar mai riƙe ta a cinya cikin mota, ban bari ya ƙarasa magana ba. Da za mu fita na leƙa ɗakin Kaka in yi mata ban kwana. Ta kamo wuyan rigata, ta jawo ni kusa, ta ce, "Maigida, in ka tahi kada ka yi kwanan kishiya. Ina son in ji ko mutumen can ya koyi magana." Sai ta sake ni ta koma kan audugarta. Ni kaɗai na ji. Ban gaya wa Baba ba, don na ɗauka wasa ne irin namu.

Kalgo garin ruwa ne, tun daga tasha ake jin ƙaurin banda. A nan Gwaggo, ƙanwar Baba, take aure, mijinta mai fataucin kifi ne. Rumfar Mani tana gefen kasuwa, gawarwakin rediyo jibge har rufi, ga kaskon gawayi inda yake gasa ƙarfen narka dalma, don wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Tsoho ne dogo, ya yi cirani tare da Baba, kuma Baba ya rantse ba wanda zai buɗe kayan yayansa sai shi. Abin da Baba bai sani ba shi ne idon Mani ya fara tafiya, mitarsa ta awo ma ta daɗe da mutuwa, da hanci da yatsa yake aiki. Ya kwance murfi, ya sunkuya ya shinshina, ya lalubo wasu gwangwanaye biyu manya masu kama da na madara, ya kama hannuna ya ɗora a kai. Samansu ya kumbura kamar cikin akuyar da ta ci ɗanyar dawa, ƙasansu ya yi tsatsa da wani busasshen ruwa. Ya ce sunansu kwandansa, su ne randar wuta, su ke tara ta su tace ta kafin ta isa ga murya. A cikinsu akwai danshi, in ana kunna su suna rayuwa, in an bar su sai su bushe. Ya juya wajen Baba ya ce, "Ba amfani ya kashe ta ba, Malam. Ajiya ta kashe ta." Baba ya cire hula ya sake sawa.

Kwandansa ba su ba da wuya ba. Mani ya ciro wasu daga cikin wata amfilifaya da ta faɗa ruwa, ya nuna mini cewa kowace tana da ƙafar da ke da zane, in aka juya ta baibai fashewa take yi. Ya canja manyan, ya bi ƙanana guda shida ya canja, ni ina riƙe masa fitilar hannu ina gaya masa inda dalma ta kama. Sai aka zo kan wani ɗan abu kamar ƙwayar wake mai ƙafa biyu, ya ƙone ƙurmus. Ya ce rizista ne, aikinsa rage wa wuta ƙarfi, kamar yadda ake datse kwari a fadama don kada ruwa ya yi wa albasa yawa. Wannan na gane nan take, don na sha duka a kansa. Ba a rubuta masa lamba, da zoben launi ake sanin ƙarfinsa, kuma wannan launinsa ya tafi da wuta. Amma amfilifaya gefe biyu gare ta, dama da hagu, kowane abu yana da tagwayensa a ɗaya gefen. Ya sa na nemo tagwayen, na karanta masa: ruwan ƙasa, baƙi, ruwan goro, sai wani zobe na zinariya can a ƙarshe shi kaɗai. Ya ce daidai, daga nesa da zinariya ake farawa. Muka zazzage gwangwanin tarkacensa kaf, babu irinsa. Sai Birnin Kebbi.

A nan ne Mani ya faɗi maganar da ya kamata a bi. Ya ce gefen dama lafiya lau yake, a rufe na hagu, a kai wa tsohuwa ta ji da sifika ɗaya, daga baya a dawo a ƙarasa. Har ya kunna mana, muryar Bappa ta fito ta gefe guda, mai kauri, masu sayar da tattasai suka waiwayo. Baba ya girgiza kai. Ya ce, "Shekara tara tana jira, ba za ta ji ɗanta da rabin baki ba. Kwana biyu ne. Ai ko tambaya ba ta yi ba." Ni ina tsaye, maganar Kaka tana cikin kunnena, na yi shiru, don in an tafi yau to yawona a Kalgo ya ƙare. Baba ya koma Gwandu saboda maimai, wato noma na biyu, ya kama, ya bar ni gidan Gwaggo in taho da kaya in an gama.

Mijin Gwaggo ne ke zuwa Birnin Kebbi kullum a keke da kwandon banda, shi za a aika. Sai dai mutumin nan in ka ce masa ruwan goro zai iya kawo maka ja, launi uku a jere kuwa kafin ya fita gari ya juya su. Mani bai iya boko ba, ajamina kuma mai shagon kayan rediyo, mutumin kudu, ba zai karanta ba. Dabarar tawa ce, kuma na yi alfahari da ita. Gwaggo tana ɗinkin hula, tana da zare kala-kala a cikin gwangwanin alewa. Na samo ƙyalle fari mai kalmasa a gefe ɗaya, na ce ta ɗinka mini layi uku a tsaye. Na ɗora yatsa a gefen dama, inda kowane ɗan allo ke fara rubutu, na ce nan ruwan ƙasa. Na matsa hagu, baƙi. Na ƙara matsawa, ruwan goro. Zaren zinariya ba ta da shi, na ce a bar shi, ai Mani ya ce ba ya cikin lissafi. Na damƙa wa mijinta, na ja masa kunne cewa kalmasa a sama zai riƙe, kada ya kifa. Gwaggo ta ce wannan yaro da ya zauna a boko da ya zama wani abu. Na ji daɗi har na kasa cin tuwo.

Ranar farko mijin Gwaggo ya tarar da shagon a rufe. Ta biyu ruwa ya hana shi fita. Kwanakin nan ban san inda zan sa kaina ba. In je bakin gulbi in kalli masu jefa birgi, in bi yaran Kalgo mu kama ƙaguwa, su yi mini dariya don ban iya iyo ba, su ce Bagwandare sai tudu. In koma rumfar Mani in hura masa gawayi, in taɓa abin da bai ce in taɓa ba, ya kore ni, in dawo. Duk inda na zauna sai in ji kamar an kamo wuyan rigata. A rana ta uku da azahar saƙo ya iso, ƙunshe a takardar siminti. Mani ya ɗaga shi sama ya kanne ido, bai ga komai ba, ya miƙo mini ya ce, "Kai ne idona. Launukan sun cika?" Na duba. Ruwan ƙasa, baƙi, ruwan goro, duk suna nan. Amma zoben zinariya yana kusa da ruwan ƙasa, alhali a jikin tagwayen kusa da ruwan goro yake. Na gani. Da idona na gani. Na ce a raina in na faɗa sai an sake wasu kwana uku, kuma za a ce dabarar zarena ce ta ɓaci. Na ce, "Sun cika."

Ya narka dalma ya kafa shi, ya buɗe gefen hagu, ya danna. Muryar Bappa ta ce salamu alaikum ta sifika biyu, ba ta kai ƙarshen sallamar ba sai ƙara kamar an fasa ƙwarya, allurai suka buga ƙarshen gilashi, hayaƙi ya turnuƙe, baƙi wannan karon. Akwai wani ɗan abu mai suna fis da aka yi shi don ya tsinke kafin wuta ta yi ɓarna, amma na amfilifayar ya mutu tun a Gwandu, Mani ya naɗe gurbinsa da takardar azurfa ta kwalin taba kamar yadda kowa ke yi a lokacin. Ba abin da ya tsinke. Wuta ta cinye gefen hagu, ta wuce ta dafa taransifoma, uwar wutar da ke ciyar da gefe biyun. Mani ya ciro rizistan da zafinsa, ya fita rana, ya ɗora masa gilashin wani tsohon tabarau, ya daɗe yana juyawa. Sannan ya karɓi ƙyallen, ya shafa zaren da yatsa, ya ce, "Daga ina ka hwara, ɗan nan?" Na nuna dama. Ya yi wata dariya marar daɗi. Mai shago ya riƙe kalmasa a sama kamar yadda na ce, ya fara daga hagu kamar yadda aka koya masa, ya karanta ruwan goro, baƙi, ruwan ƙasa, ya ba da wanda ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin talatin na wanda ake so ba. Kwari ne aka buɗe gaba ɗaya. Mani ya ce, "Kai ka yi allo, shi ya yi boko, ni na yi makanta. Laihin ya rabu uku." Ban gaya masa na huɗun ba. Ban gaya wa kowa ba sai yau.

Taransifoma sai an kai Sakkwato an sake naɗa ta, kuma mai naɗin yana da layi. Na koma Gwandu hannu rabbana, sai kaset ɗin a aljihu. Baba bai doke ni ba, da ya doke ni da na fi samun sauƙi. Kaka ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Maigida ya dawo ba cefane, kamar kullum." Amma na lura audugar da ke cikin faifanta ita ce wadda na bari, ba ta ragu ba, kuma ƙafafunta sun kumbura. Kwana biyu na kasa shiga ɗakin sai in kwanta a zaure. A na uku na ɗauki rediyon Baba ba da izini ba, na tafi da ita kiwo, na zauna gindin tsamiya, na yi abu ɗaya da na iya. Na sa kaset, in ji layi ɗaya in tsayar, in maimaita sau bakwai ina rangaji kamar gaban Malam, in ci gaba. Awaki suka shiga gonar wake ban kula ba. Sai da batir ya mutu na sace na fitilar Inna. Cikin kwana huɗu na haddace Bappa Sanda daga sallama har amin.

Da hantsi ne, mata sun tafi suna, gida ba kowa. Na zauna a bayan Kaka, na kara baki a kunnenta, na kumbura murya na ce amarya, yau mijinki ya koyo wasan kwaikwayo. Ta ce in tashi in ba ta wuri. Ba ta ture ni ba. Na fara. Na gaida Baba, na gaida liman da wanzami, na tambayi rijiya, na tambayi jaki. Mazari yana juyawa a hankali. A ƙarshen kaset ɗin, bayan ya gama da kowa, Bappa ya yi shiru mai tsawo har ka ce zaren ya ƙare, sannan ya yi tari sau biyu, ya ce, "A gaida mutanen ɗakin gabas." Ɗakin gabas kuwa ɗakin Kaka ne. Shi ma ɗan fari ne, ya san nasa rabon kunyar. Na yi shirun, na yi tarin, na faɗi maganar. Mazari ya faɗi ƙasa. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Tarin nan, busasshe ne ko na majina?" Na ce ban sani ba. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "Wanga tarin akuya ne. Nashi nika tambaya." Na koma na saurara a 'yar rediyo har sau goma, ba abin da ke fitowa sai ƙaf-ƙaf kamar an taka busasshen ganye. Maganar na iya kawo mata. Amma ita ba magana take nema ba, so take ta ji ƙirjinsa, don tun yana goyo yake da ciwon ƙirji, kuma kunnenta, duk da nauyinsa, da ya gane.

Kaka ba ta kai kaka ba. Gero yana fitar da kai aka binne ta. Amfilifaya ta dawo daga Kalgo bayan an gama ɗaurin dawa, garau, gefe biyu. Baba bai kunna ba, ya sake naɗe ta da zanen nan ya tura ƙarƙashin gadon da ba kowa a kai. Bappa Sanda bai dawo ba, can ya rasu bayan wasu shekaru. Ni kuma da na kai sha biyar na koma rumfar Mani na zama idonsa har ya bar duniya, rumfar ta zama tawa, kuma ga ni a ciki har furfura.

Yanzu aikin ya ragu, yaran zamani waya suke gyarawa. Amma har yau akan kawo mini tsofaffin amfilifaya daga Birnin Kebbi, daga Jega, har daga Sakkwato, yawanci na uba ne da ya rasu, an ciro daga ƙarƙashin gado. Ba na bari a kunna kafin in buɗe. Kwandansa, wadda yaran yanzu ke ce wa kapasita, duka nake cirewa in sa sababbi, ko ba su kumbura ba. Rizista kuwa sai na riƙe zinariya a dama, na karanta, na ɗora a mita, na sake ɗorawa. Takardar taba ba ta shiga gurbin fis a rumfata. In gefe ɗaya ya tashi kuma akwai tsoho a gida mai jira, cewa nake yi a ɗauka a tafi, a dawo daga baya. Wasu su ce na cika gaggawa, wasu su ce na cika nawa. Duka gaskiya ne. 'Ya'yana suna aika murya ta waya zuwa Makka ta dawo kafin shayi ya huce, su saurara suna tafiya, su goge. Ba na ganin laifinsu. Sai dai ban ga wanda zai tsaya a kan tari ba.

Ta Bappa tana wurina tun rasuwar Baba. Sau biyu na canja mata kwandansa, kuma duk Juma'a in an sauko masallaci sai na kunna ta, don kada ajiya ta sake kashe ta. Kaset ɗin ya saki, muryar tana ɗan rangaji, amma in aka zo ƙarshe, shirun nan ya wuce, tarin yana fitowa ta manyan sifiku sarai kamar mutumin yana bayan rumfa. Ba busasshe ba ne, ba na majina ba ne. Ƙirjinsa lafiya lau. Mutum ne ke haɗiye kuka kafin ya gaida uwarsa. Amsar tana hannuna shekara da shekaru, ɗakin gabas ne ba kowa.